Neman Magini Mai Amana da Yadda Ake Ƙulla Ciniki da Shi

Jawabin da ɗaya daga cikin 'yan ƙungiya ya gabatar a taron shekara-shekara na tsofaffin ɗalibai



Da farko ina godiya ga kwamitin shirya wannan taro da ya ga dacewar a ba ni 'yan mintoci in yi magana a gaban waɗanda suka koya mini riƙon alƙalami. Kan maganar da aka ba ni shi ne yadda mutum zai sami magini ko ɗan kwangila mai amana idan ya tashi gina gida, ko gyara wanda yake ciki. Ni dai ma'aikacin gwamnati ne, kuma yawancin shekarun da na yi ina aiki na yi su ne a sashen da takardun kwangila ke bi kafin a biya kuɗi. Abin da zan faɗa daga wannan tebur na ɗebo shi, sai kuma abin da na tsinta daga bakin magina da injiniyoyin da aiki ya haɗa mu. Akwai injiniyoyi a cikinmu, ina ganin su a kujerun baya inda suka saba zama tun muna aji ɗaya. Inda na yi tuntuɓe sai su gyara mini.

Maganar ta zo a kan gaɓa. Yawancin 'yan ajinmu yanzu mun ajiye iyali. Wani ya sayi fili yana tara bulo, wani ya gaji gidan mahaifinsa da ke neman gyara, wani kuma yana aiki a Legas ko a ƙasar waje yana aiko da kuɗi a gina masa. Malamanmu kuwa da yawa sun yi ritaya, ko suna dab da yi, kuma kowa ya san inda kuɗin sallamar ma'aikaci ke tafiya. Ga mai albashi, gida shi ne abu mafi tsada da zai kashe wa kuɗi a rayuwarsa, kuma galibi sau ɗaya yake samun halin yin sa. Buhun siminti da ake saye a wajen naira 5,000 a 2023, ya haura naira 10,000 a farkon 2024. A irin wannan hali, wanda aka ɓata wa gini ba lalle ne ya sake samun abin da zai tada shi ba.

Ga abin da yake ba ni mamaki. A ofis, in za a gyara rufin aji ɗaya da kuɗin gwamnati, sai an rubuta aikin dalla-dalla, an nemi farashi daga mutum fiye da ɗaya, an sa hannu a yarjejeniya, an je an duba aikin kafin a biya. Amma ma'aikacin da ya tsaya kai da fata a kan wannan da safe, shi ne da yamma zai ɗauki tanadinsa na shekara goma ya miƙa wa wani a ƙofar gida, babu takarda babu shaida, don kawai an ce masa mutumin kirki ne. Abin da ke jawo haka kunya ce. Muna jin nauyin mu ce wa ɗan'uwa ko maƙwabci ya sa hannu, kada ya ce ba mu yarda da shi ba. Saƙona a yau shi ne, mu kula da kuɗinmu kamar yadda aka koya mana kula da kuɗin hukuma.

Da da yanzu

Iyayenmu ba su sha irin wannan wahala ba, kuma akwai dalili. A da, gini sana'ar gado ce. Yaro yana tashi a hannun ubansa ko maigidansa, ya fara da kwaɓa ƙasa da miƙa tubali, ya yi shekaru kafin a bar shi ya ɗaure baka ko ya jera azara. Magina suna da shugabansu, wato Sarkin Magina, wanda ake kai wa ƙara in aiki ya ɓaci. Irin wannan tsari ne ya fitar da gwanaye kamar Malam Mika'ilu, Babban Gwani, wanda ya gina Masallacin Juma'a na birnin Zariya a shekarun 1830, ginin da har aka kwaikwayi siffarsa a gidan tarihin gine-ginen gargajiya da ke Jos. Magini a lokacin yana da sunan gida da yake karewa, kuma in soronka ya zube, kowa a gari ya san hannun wa ya ɗora shi.

Yau gari ya buɗe, an koma siminti da rodi, kuma duk wanda ya yi wata shida yana ɗaukar kwanon sarki yana iya sayen cokalin gini ya ce shi birkila ne. Gwanaye suna nan, masu tsoron Allah suna nan, sai dai sun gauraya da 'yan ta-ci-barkatai. Tantancewar da Sarkin Magina yake yi wa jama'a a da, yanzu ta dawo wuyan mai gida.

Fara da sanin aikin da kake so

Kafin ka nemi kowa, zauna ka rubuta abin da kake son a yi. Kada ka ce "a gyara gidan" kawai. Rubuta cewa za a sauya kwanon ɗaki biyu, a sake daɓen tsakar gida, a ɗaga katanga da layi uku, a fitar da kwata zuwa waje. A wannan zama a sa uwargida, domin ita ta san inda ke yoyo da inda ruwa ke kwanciya, ita kuma za ta yini a kicin ɗin da kake shirin ginawa.

Wannan rubutu shi zai nuna maka wanda za ka nema. Filasta, fenti, tayil, sauya ƙofa ko taga, duk aikin mai sana'a ne, birkila ko kafinta ko mai walda. Amma da zarar aikin ya taɓa abin da ke ɗauke da nauyin gini, kamar fasa bango don a haɗe ɗaki biyu, ko zuba dekin, ko ɗora bene a kan gidan da ba a yi harsashinsa don bene ba, to maganar ta wuce birkila komai ƙwarewarsa. Sai injiniyan gini mai rajista. A Najeriya akwai hukumar COREN mai yi wa injiniyoyi rajista tun 1970, da ARCON ta masu zanen gini tun 1969, da CORBON ta ƙwararrun magina tun 1989. Wanda ya ce shi injiniya ne, tambaye shi lambar rajistarsa. Na gaske ba ya jin haushin wannan tambaya. Haka kuma sabon gini ko ƙarin bene yana bukatar izinin hukumar tsara birane, kamar KNUPDA a Kano ko KASUPDA a Kaduna. Mai ce maka "bari kawai mu fara, ba wanda zai gani", ranar da aka shafa wa bangon jan fenti ba za ka gan shi ba.

Kada a ɗauki wannan da wasa. A watan Nuwamba na 2021 wani bene mai hawa 21 da ake ginawa a Ikoyi ta Legas ya rufta, mutum fiye da 40 suka rasu. A watan Yuli na 2024 ginin wata makaranta ya rufta a Jos ɗalibai suna cikin aji, aka rasa rai 22. Mu da muke zaune yau a zauren makaranta, ba sai an yi mana dogon bayani ba.

Gani ya kori ji

Ina ake samun mutumin kirki? Hanya mafi kyau har yanzu ita ce ta bakin wanda aka yi wa aiki. In ka ga gidan da ya ba ka sha'awa, yi sallama ka tambayi mai shi wa ya yi masa. Masu sayar da kayan gini ma sun san magina sarai, sun san mai biyan bashi da mai karɓar siminti goma ya ce a rubuta masa rasit na goma sha biyar. Sai dai a tuna wasunsu suna da la'ada a kan duk wanda suka haɗa, don haka maganarsu mafarin bincike ce kawai.

In an ba ka suna, sai ka nemi ganin aikinsa, kuma ka je da ƙafarka. Hotunan da ake turowa a WhatsApp ba hujja ba ne, kowa yana iya tsayawa a gaban ginin wani a ɗauke shi. Kada kuma ka yarda a kai ka ginin da aka gama jiya, domin sabon fenti yana rufe aibi da yawa. Ka ce a kai ka wanda ya ga damina biyu ko uku. Dubi kusurwar taga da ƙofa ko akwai tsagewa. Dubi gindin bango ko danshi ya hau, fenti yana ɓarewa. Ɗaga kai ka dubi silin ko akwai tabon ruwa. Ƙwanƙwasa tayil ka ji ko yana amsawa kamar ganga, alamar ƙarƙashinsa babu siminti sosai. Ka buɗe ƙofa ka rufe.

Daga nan ka keɓe da mai gidan, ba a gaban maginin ba, ka yi masa tambaya uku. Kuɗin da kuka yi da farko, a kansa aka ƙare? Ranar da ya ce zai gama, ya gama? Da aka sami matsala bayan an biya shi, ya dawo? Wannan ta ukun ita ce ta fi gaya maka halin mutum.

Ka kuma san gidansa, ka san wanda ya koya masa sana'a, ka san ko yana cikin ƙungiyar magina ta yankin. In kamfani ne, ana iya duba sunansa a shafin intanet na hukumar rajistar kamfanoni, wato CAC, a ga ko yana da rajista. Amma rajista tana nuna kamfanin yana nan ne kurum, ba ta nuna ya iya aiki.

Game da ɗan'uwa kuwa, ban ce kada a ba shi aiki ba. Na ce a auna shi da mudun da za a auna bare. Ka tambayi kanka tun farko: in ya ɓata, zan iya sallamarsa ba tare da an kira taron dangi ba? Na san wani dattijo da ya yi ritaya daga ma'aikatarmu, ya damƙa wa ɗan ƙanwarsa kusan duk kuɗin sallamarsa a dunƙule don ya gina masa ɗaki uku. Gini ya kai linta ya tsaya. Da ya yi magana, sai ƙanwar ta zo tana kuka, dangi suka ce a yi haƙuri a rufa asiri. Damina uku ta wuce a kan bulon, har yau dattijon yana gidan haya, kuma shi da ƙanwar ba sa ga-maciji. Da an rubuta takarda tun ranar farko, an kuma riƙa ba da kuɗin kashi-kashi, da watakila gidan da zumuncin duk sun tsira.

Ƙiyasi

Ka nemi ƙiyasi daga mutum uku, kowanne ka ba shi takardar aikin nan guda da ka rubuta, don kada wannan ya yi maka lissafin doki wancan ya yi na jaki. Ka ce a rarrabe kuɗin kaya daban, kuɗin aiki daban. A rubuta yawan siminti, yawan bulo da incinsa, tifar yashi da ta tsakuwa, kaurin rodi, irin katako, irin kwano da kaurinsa. Wanda ya kalli gida ya ɗaga kai sama ya ce "kawo miliyan uku", ba ƙiyasi ya yi ba.

Malaminmu na lissafi yana nan zaune, kuma yau zan biya shi kaɗan daga cikin bashin da yake bin mu. Murabba'in mita ɗaya na bango yana cin bulo kamar 10. Ɗaki mai ƙafa 12 tsawo da ƙafa 12 faɗi, wato wajen mita 3.6 kowane gefe, in tsayin bangonsa mita 3 ne, bangayensa huɗu sun kai murabba'in mita 43. Ke nan bulo 430, in an cire gurbin ƙofa da taga a ce 400, ban da na harsashi. To in an rubuta maka 700, ka sami abin tambaya. Mai yiwuwa akwai amsa mai kyau, amma daga ranar magini ya san da mai lissafi yake aiki. In aikin babba ne, biyan mai ƙididdigar gini ya fitar maka da adadin kaya ya fi sauƙi a kan abin da za ka rasa in ba ka yi ba.

In ƙiyasin uku sun zo, kada idonka ya tsaya a kan mafi araha. Biyu sun ce wajen miliyan biyu, ɗaya ya ce miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu, to ka tambayi kanka daga ina zai cike giɓin. Ko dai ya rage siminti, ko ya sa siririn rodi, ko kuma ya bari sai ya cire maka rufi ana tsakiyar aiki sannan ya ce kaya sun tashi. Hausawa sun riga sun gama magana, araha ba ta ado.

Akwai hanya biyu ta ba da aiki. Ko ka ba da shi gaba ɗaya, kaya da aiki, ko kuma ka sayi kaya da kanka ka yi jingar aikin hannu kawai. Ta biyun ta fi tsare kuɗi, amma tana cin lokaci, kuma sai kana da wurin ajiya da mai gadi. Siminti ba ya son ajiya mai tsawo. In ya wuce kamar wata uku, ko ya sha danshi ya fara dunƙulewa, ƙarfinsa ya ragu. Wanda ba ya gari, in ya ba da aikin gaba ɗaya, to ya samo wani mutum daban wanda ba abokin maginin ba ya riƙa duba masa.

A rubuta, a sa shaidu

Aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani, a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Saboda haka wanda ya ce a rubuta bai zargi kowa ba. Takarda tana kare mai gida, tana kuma kare magini ranar da mai gida ya ce "ai har da fenti muka yi".

Ba sai an yi dogon Turanci ba. Shafi ɗaya da Hausa ya isa ƙaramin aiki, in dai ya ƙunshi sunayen mutum biyun da adireshinsu, da aikin da za a yi filla-filla, da wanda zai sayi kaya da irinsu, da jimlar kuɗi da yadda za a biya, da ranar farawa da ranar gamawa, da abin da za a yi in farashin kaya ya tashi, da wanda zai kwashe ɓaraguzai in an gama. A ƙara da cewa duk wani sauyi ko ƙarin aiki sai an rubuta kuɗinsa kafin a taɓa shi, domin yawancin rigimar gini daga "ɗan ƙara mini nan" take farawa. Kowa ya sa hannu, shaidu biyu su sa, kowa ya riƙe kwafinsa. In kuɗin masu yawa ne, a kai wa lauya ya duba.

Kuɗi ya bi aiki

Nan ne gizo ke saƙa. Dokar sayen kaya da ba da kwangila ta Gwamnatin Tarayya ta 2007 ta ƙayyade kuɗin kafin alƙalami kada ya wuce kashi 15 cikin 100, daga baya gyaran da aka yi a 2020 ya ɗaga shi zuwa kashi 30 ga 'yan kwangilar cikin gida. Gwamnati ke nan, mai lauyoyi da 'yan sanda da kotu, ba ta yarda ta ba da rabi ba. Kai da ba ka da kowa sai albashinka, me zai sa ka ba da kashi 70 tun ba a haƙa rami ba?

A raba aikin mataki-mataki: harsashi, zuwa linta, rufi, filasta da daɓe, sannan gamawa. In an kammala mataki, a je a duba, a biya, a shiga na gaba. Ko yaushe aikin da ke ƙasa ya zama ya ɗan fi kuɗin da ka fitar. Ranar da kuɗinka ya wuce aiki, ranar ce za ka fara kiran waya ana ce maka tana kashe, domin mutumin ya tafi wani wuri karɓar sabon kafin alƙalami.

A kwangilar gwamnati akan riƙe kashi 5 cikin 100 na kuɗin har tsawon wata shida bayan an gama, don in wani aibi ya fito a gyara. Mu ma mu yi haka, kuma a faɗa tun ranar ciniki. In aikin rufi ne, a ce ragowar sai an yi ruwan sama mai ƙarfi sau biyu ko uku. Biyan kuma a yi shi ta banki a rubuta dalilinsa, in kuwa a hannu ne a sa hannu a littafi.

Abin da za ka duba in ka je wurin aiki

Ba sai ka zama injiniya ba kafin ka gane wasu abubuwa. Kwaɓin kankare da aka saba da shi a ƙananan gidaje shi ne siminti 1, yashi 2, tsakuwa 4. Buhun siminti kilo 50 ne, yana cika kwanon sarki kamar biyu, ke nan buhu ɗaya yana tafiya da kwano 4 na yashi da 8 na tsakuwa, sai fa in injiniya ya rubuta wani abu daban. Tsaya ka ƙirga da idonka. Ranar zuba dekin ko ginshiƙi kuwa, ka nemi izini a wurin aiki ka yini a can, domin abin da aka binne a cikin kankare ba ya sake ganuwa. Kafin a zuba, a kira injiniya ya ga kaurin rodin da tazararsa.

Kankare yana son ruwa aƙalla kwana 7 bayan an zuba shi, musamman a lokacin hunturu da bazara da iska ke busar da shi da wuri, kuma sai ya kwana 28 yake kai ƙarfin da ake lissafi da shi. Mai gaggawar cire tokaren dekin don ya kai katakon wani aiki, a dakatar da shi sai injiniya ya ce a cire.

Bulo kuwa, ka kankare shi da makulli. In yana zuba kamar gari, yashi ya yi masa yawa. A shimfiɗa leda kafin a yi daɓen ƙasa don kada danshi ya hau bango. Katakon rufi a shafa masa maganin gara, a kuma ɗaure shi da ƙarfe a jikin gini, saboda guguwar farkon damina da ke yaye rufin mutane kowace shekara. Wayar wuta ta zama ta jan ƙarfe ta gaske, mai kauri 1.5 ga fitilu, 2.5 ga soket, a kuma nemi mai takardar shaidar hukumar NEMSA ya haɗa ta, domin gobara da yawa daga araha ta waya take tashi. Ramin masai da sokawe kada su kusanci rijiya. A bar aƙalla mita 15, in da fili a kai 30, kuma a duba rijiyar maƙwabci ma.

In ka ga kuskure, ka faɗa wa shugaban aikin a gefe tun a ranar. Rushe layi biyu na bulo ya fi sauƙi a kan rushe bango.

Haƙƙin magini

Adalci ne in faɗi ɗaya gefen, domin in magina suka yi nasu taron, mu ne abin hirarsu. Akwai mai gidan da zai taya aiki ƙasa da abin da zai yiwu, sannan ya yi mamakin an rage siminti. Akwai mai sauya ra'ayi kullum, yau taga a gabas gobe a yamma, kuma ba ya son ya biya kuɗin fasawa. Akwai wanda za a gama masa aiki ya shiga gida ya tare, magini ya yi ta sintiri wata da watanni. Leburan da ya yini yana ɗaukar kankare a rana, kuɗin yinin nan shi ne tuwon gidansa na daren. In ka sami mutum mai amana, ka biya shi a kan lokaci, ka ba yaransa ruwan sha, ka yaba masa a gaban mutane, ka kuma kai shi wurin wasu. Magina ma suna bincike a kanmu kafin su karɓi aiki, kuma nagari ba sa komawa inda aka wulaƙanta su.

In an sami saɓani

In duk da haka abu ya ɓaci, kada a fara da faɗa. A tsayar da biya, a ɗauki hoton aikin yadda yake, a kira shaidun nan biyu a zauna da takarda. In bai yiwu ba, a je ga shugabannin ƙungiyarsu ko mai unguwa. In injiniya ne mai rajista, hukumarsa tana karɓar ƙorafi. Daga nan sai kotu, kuma jihohi da dama yanzu suna da kotun ƙananan basussuka, kamar wadda Kano ta buɗe a 2019, inda mutum zai iya shigar da ƙara da kansa. Abin da ba ya cikin tsari shi ne a sa 'yan sanda su kulle mutum don ya saɓa alkawarin aiki. Dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana kama mutum a kan saɓa yarjejeniya kawai, sai fa in akwai zamba ko sata a ciki. A duk waɗannan wurare, tambayar farko da za a yi maka ita ce, ina takarda?

Shawara ga ƙungiya

Shugaban taro, zan rufe da roƙo biyu. Na farko, sakataren ƙungiya ya buɗe littafi na masu sana'ar da 'yan ƙungiya suka gwada suka gamsu: birkila, kafinta, mai aikin famfo, mai haɗa wuta, mai tayil. Kada a rubuta sunan kowa sai wanda aikinsa ya ga damina, kuma a rubuta sunan ɗan ƙungiyar da ya tsaya masa. Mai sana'ar da ya san cewa in ya cuci ɗayanmu ya rasa mutum ɗari, zai yi tunani kafin ya rage buhu ɗaya.

Na biyu, 'yan'uwanmu injiniyoyi da masu zanen gini da lauyoyi su ɗauki alkawari a gaban wannan taro, cewa duk malaminmu da ya tashi gini ko gyara da kuɗin sallamarsa, za su duba masa ƙiyasi da yarjejeniya, su kuma leƙa wurin aikin, ba tare da ya biya ko kwabo ba. Sun duba mana littattafanmu shekara shida da jan biro, ba su taɓa cewa sun gaji ba. Ina fata kafin a tashi daga nan a rubuta sunayen masu amsa wannan kira.

Allah ya saka wa malamanmu da alheri, ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya daga cikinsu da cikinmu, ya ba kowannenmu muhalli mai albarka.